Zafin injin motar lantarki: daga ina yake zuwa, ta yaya ake kashe shi

Injin motar lantarki ba ya ƙona mai, amma yana yin zafi. A ƙasa irin Nijar, inda zafin rana ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ya kamata mai niyyar saye ya san yadda abin yake.

Galibin waɗannan injuna suna da ɓangare biyu: wanda ke tsaye, mai naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, da wanda ke juyawa, mai maganaɗisu. Sama da kashi 90 cikin 100 na wutar da ke shiga tana zama ƙarfin tafiya, ragowar ta zama zafi, mafi yawa a cikin wayar. In wutar da injin ke ja ta ninka sau biyu, zafin wayar yana ninkawa sau huɗu. Shi ya sa hawan tudu da kaya mai nauyi, ko kokawa da rairayi, ya fi gasa injin a kan tafiya bisa kwalta.

Abu biyu ne zafi ke lalatawa. Na farko, siririn rufi mai kama da fenti da ke hana wayoyin haɗuwa. Mai inganci yana jure digiri 180, amma a lissafin injiniyoyi, duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Na biyu, maganaɗisu: in zafi ya wuce iyaka, ƙarfinsa yana raguwa, kuma ba ya dawowa.

Yawancin motoci suna sanyaya injin da ruwa na musamman, wanda famfo ke zagayawa da shi ta jikin injin zuwa radiyeta. Tesla Model 3 tana ƙarawa da mai da ke ratsa cikin injin. A tsofaffin samfuran Nissan Leaf, ruwa ne ke sanyaya injin, amma batirin ba shi da wannan gata, abin lura ga mai zama a ƙasa mai zafi.

In zafi ya yi yawa, kwamfutar motar tana rage ƙarfin injin da kanta. A wasu motoci, hoton kunkuru yakan haska a gaban direba. Abin yi shi ne a nemi inuwa a tsaya, a bar motar ta huce. Kada a watsa wa injin ruwa.

Sauran aikin na mai mota ne. Ya riƙa duba ruwan sanyayawa lokacin da motar ta huce, kuma ya zuba irin wanda kamfanin ya ce kawai, ban da ruwan rijiya ko na famfo. Ya sa a wanke ƙurar hunturu daga radiyeta, a tabbatar fanka tana juyawa. Wayoyi masu launin ruwan lemu kuwa, suna ɗauke da wuta mai kai volt 400 ko fiye, tana iya kisa. Sai makanikin da ya koyi aikin motar lantarki ne zai taɓa su.