Zanen bango

Zanen bango sana'a ce ta ƙawata gidaje, ciki da waje, a ƙasar Hausa. Magini kan fitar da zanen a jikin yaɓe tun yana ɗanye, sannan a shafa farar ƙasa, jar ƙasa ko shuni. Dagi na cikin fitattun zanuka. Ana ganin wannan ado a Gidan Makama na Kano da fadar Sarkin Zazzau.

A garuruwan fadama, irin su Guri a masarautar Haɗeja, danshi da ambaliya kan zubar da yaɓen ƙasa, shi ya sa akan gyara bango bayan damina. A yau siminti da fenti sun yawaita, magina masu zanen gargajiya kuma suna raguwa.