Kitesiyas na Kinidus: Hukunci a Bayan Idon Mai Shi

Fiye da shekara 2,000 ke nan ana yi wa Kitesiyas kallon maƙaryaci. Aristotal ya ce ba abin dogaro ba ne, marubuci Lusiyan kuma ya mayar da shi abin ba'a. Sai dai su sun karanta shi, mu kuwa hukuncin kawai muka gada, domin littattafansa sun salwanta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, abin da ke hannunmu zaɓin maruwaita ne, kuma da wannan ido ya kamata a auna shi.

Kitesiyas likita ne a fadar Sarkin Farisa, Artashate na Biyu. A yaƙin Kunaksa na shekarar 401 kafin Miladiyya, shi ya yi jinyar raunin da Sairus, ƙanen sarkin, ya ji masa a ƙirji, kamar yadda marubuci Zenofon ya ambata. Daga baya ya rubuta tarihin Farisa cikin juzu'i 23, da ɗan littafi a kan Indiya.

Kowane maruwaici abin da ya dace da buƙatarsa ya tsinta. Diyodoras ya ɗauki labarin Sarauniya Samiramis. Fulutak ya ɗauki makircin cikin gida: yadda uwar sarki, Farisatis, ta sa aka shafa guba a gefe ɗaya na wuƙa, ta raba tsuntsu gida biyu, ta ci rabi mai kyau, ta miƙa wa surukarta Satatira ɗayan. Fotiyus, shugaban cocin Kustantiniyya a ƙarni na 9, ya taƙaita juzu'i na 7 zuwa 23 cikin 'yan shafuka. Mai taƙaitawa kuwa abin mamaki yake riƙewa, ya zubar da sauran.

Wannan bai wanke Kitesiyas ba. A taƙaitawar Fotiyus, yaƙin Falatiya ya riga na Salamis, alhali akasin haka ne. Indiyar da ya cika da mutane masu kan kare, bai taɓa taka ta ba. Amma fadar Farisa a cikinta ya zauna, gani kuwa ya kori ji. Kuskure ne a haɗa shaidarsa ta ido da jita-jitar matafiya a mudu ɗaya.

Saboda haka mai nazarin gutsattsarin rubutun Kitesiyas da masani Felix Jacoby ya tattara sai ya fara da tambayar wa ya ruwaito, kuma me yake nema. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, tasa kuwa a bakin wasu muke jin ta.