Rijiyar Tibiri da Haƙoran 'Ya'yan Gobir

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tibiri kusa da Maraɗi. Daga can ne Ɗan Halima ya taso ya kafa Sabon Birni. Ashe kuwa abin da ya sami Tibiri ya sami dangin mutanen Sabon Birni da Isa, ko da yake iyakar Turawa ta raba su.

A da, mutanen Tibiri ruwan gulbi da na rijiyoyin fadama suke sha. A cikin 1985 aka fara ba su ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa ne garau, ba ɗanɗano ba wari, amma yana ɗauke da wani sinadari na cikin duwatsu da ake kira fulorayid.

Shi wannan sinadari, kaɗan daga cikinsa magani ne, gama yana ƙarfafa ɓawon haƙori ya hana shi ruɓewa. Saboda haka ne ma birnin Grand Rapids na Amurka ya soma zuba shi cikin ruwan sha a 1945, kimanin miligiram 1 a kowace lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da iyaka a miligiram 1.5. Na Tibiri kuwa da aka auna, sai aka tarar ya ninka wannan iyaka fiye da sau uku.

Ƙananan yara abin ya fi ci. Dalili kuwa, haƙoran girma suna ginuwa ne a ɓoye cikin dasashi tun daga haihuwa har wajen shekara 8. Nonon uwa kusan ba shi da fulorayid, watau jariri yana cikin tsari muddin nono kaɗai yake sha. Amma da an fara ɗura masa ruwa, ana dama masa koko, balle an yaye shi, tsarin ya kau. Sai haƙora su fito da ɗigo-ɗigon fari, daga baya su rine su zama ƙasa-ƙasa. Jan fure da goro da mata ke ado da shi yakan kankaru. Wannan kuwa ba asawakin da zai fitar da shi.

Da a haƙori ya tsaya, da da sauƙi. Ɗaruruwan yara ƙasusuwansu suka lanƙwashe, waɗansu suka gurgunce. Aka shekara wajen 15 ana shan ruwan nan kafin a daina, kuma a 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka fitar da rahoto a kan 'ya'yan Tibiri.