Jeremias Gotthelf, Limamin Coci Mai Rubuta Labarun Manoma

Sunansa na yanka Albert Bitzius. An haife shi ran 4 ga Oktoba, 1797, a garin Murten cikin ƙasar Suwizalan, ubansa kuwa limamin coci ne. Ya yi karatun addini a Bern, sa'an nan ya ƙaro a Göttingen ta ƙasar Jamus. A 1831 aka tura shi ƙauyen Lützelflüh cikin kwarin Emmental don ya zama na'ibi, shekara na zagayowa aka ba shi limanci. Nan ya zauna har ya rasu ran 22 ga Oktoba, 1854.

Bai fara rubuta labari ba sai da ya kusa shekara 40, kuma abin da ya gani a ƙauye shi ya sa shi ɗaukar alƙalami. A zamanin nan, in yaro ya zama maraya ko iyayensa suka tsiyace, hukumar gari takan kai shi gaban jama'a, manomin da ya nemi kuɗin riƙo mafi ƙanƙanta shi za a danƙa wa. Yaron ya zama bara ke nan, ga aikin gona, ga yunwa, ba karatu. Littafinsa na fari, Der Bauernspiegel, watau Madubin Manoma, na 1837, tarihin irin wannan yaro ne daga bakinsa. Sunan yaron Jeremias Gotthelf, shi ne kuma marubucin ya ɗauka ya zama nasa har abada.

Daga nan ya riƙa bin cututtukan ƙauye ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta wahalar malamin makaranta a 1838 zuwa 1839, don shi kansa ya yi shekara 10 yana duba makarantu, har aka tuɓe shi a 1845 saboda saɓani da gwamnati. Anne Bäbi Jowäger kuwa hukumar lafiya ta Bern ce ta roƙe shi ya rubuta gargaɗi a kan masu maganin ƙarya, sai gargaɗin ya girma ya zama littafi mai juzu'i biyu. Uli der Knecht, na 1841, labarin bara ne mashayi wanda maigidansa ya yi ta horo har ya zama mutumin kirki mai riƙe da gona.

Amma wanda ya fi shahara a yau shi ne Die schwarze Spinne, watau Baƙin Gizo-gizo, na 1842. Wani tsoho ne ke ba da labarin a wurin bikin baftisma. Azzalumin sarki ya ɗora wa talakawa aikin da ya fi ƙarfinsu, Shaiɗan ya ce zai yi musu in za su ba shi jaririn da ba a yi wa baftisma ba. Wata mace ta amsa, tana zaton a yaudare shi daga baya. Inda ya sumbace ta a kumatu, nan gizo-gizo ya tsiro, ya kashe dabbobi, ya koma kan mutane, sai da wata uwa ta ba da ranta ta toshe shi cikin ramin ginshiƙi.

Akwai kuma maganar harshe. Yakan fara jimla da daidaitaccen Jamusanci, da manomi ya buɗe baki sai karin harshen Bern ya shigo. Wannan ya sa labarunsa suka yi rai, amma ya wahalar da mutanen Jamus, har a 1846 mai buga littattafai Julius Springer na Berlin ya fid da Uli wanda aka rage masa karin harshe.

Da ya manyanta ya tsananta gaba da 'yan siyasar sauyi waɗanda suka kafa sabon tsarin mulki a 1848, wa'azi ya yi yawa cikin littattafansa na ƙarshe. Gottfried Keller, wanda ba ya ga maciji da ra'ayinsa, ya soki wannan ƙwarai, duk da haka ya shaida cewa a wajen ba da labari gwani ne na gaske. Hukuncin masana har yanzu bai yi nisa da na Keller ba.