Wa Ya Share Hazo Daga Hoton Dutse?

Wata safiyar hunturu na tsaya a gindin duwatsun Garu, tsohon garin Dutse. Hazo ya sauko har rana ta koma kamar farantin tasa, mutum ya kalle ta ido da ido ba ya ƙiftawa. Dutsen da ke gabana baƙi ƙirin, na bayansa toka-toka, na uku kuwa da ƙyar ake raba shi da sama, dabinai suna tsaye a tsakani kamar inuwa. Na zaro waya na ɗauka. Da na duba sai na ga wani gari daban: sama ta yi shuɗi-shuɗi, duwatsu sun fito tangaran, kai ka ce an yi ruwa jiya da daddare. Na nuna wa ƙanena, ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai gyara maka ta yi."

Wannan gyara ya girmi waya da shekaru fiye da 150. Tun ranar da baƙo ya fara sa ƙasar nan a takarda, akwai wani hannu da ke taɓa sararin samanta kafin hoton ya kai ga mai kallo.

Dutse, garin da Tarihin Kano ya ambata tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15, yana cikin ƙasar Kano ne har zuwa 1991, saboda haka daga Kano labarin zai fara. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, sannan ya bi ta Gumel ya nufi Kukawa. An riga an ƙirƙiro hoto tun 1839, amma abin da Barth yake aiki da shi fensir ne da littafi. Ya hau Dala ya zana birnin. Da ya koma Turai sai aka miƙa zane-zanen nasa ga wani mai zane, Johann Martin Bernatz, shi ya mayar da su hotuna masu launi da suka fito a littafin tafiyar tasa a 1857 da 1858. Bernatz bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Fasalin gari na Barth ne, amma haske da launin sama a Jamus aka haɗa su, kuma da su ne Turawa da dama suka san kamannin ƙasarmu.

Da kyamara ta yaɗu bayan sojojin Ingila sun ci Kano a 1903, sai ta zo da nata ciwon. Farantin gilashi da fim na wancan zamani sun fi jin shuɗin haske, ja kuwa kusan ba sa ganin sa. Idan mai ɗauka ya ba ƙasa hasken da take buƙata, sama ta ƙone ta zama fari fat, babu gajimare babu komai, jar ƙasa da ganuwa kuma su yi duhu fiye da yadda ido yake ganin su. Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin hotunan farkon mulkin Turawa ya san wannan farar sama da ke rataye a kan kowace kasuwa da kowace ƙofar gari. Ba ka iya cewa ga rani ga damina.

A Turai masu hoto sun daɗe da samo dabara. Gustave Le Gray na Faransa, a 1856 da 1857, yakan ɗauki teku a faranti ɗaya, sama a wani farantin, ya haɗa su wajen bugawa. Jama'a suka yi ta mamakin gajimarensa, alhali wani lokacin gajimaren wata rana ce daban. A 1906 wani kamfani a Ingila, Wratten & Wainwright, ya fara sayar da farantin da ke ganin dukkan launuka, daga nan aka samu damar sa jan gilashi a bakin kyamara don sama ta yi duhu gajimare ya fito. A Amurka kuma Ansel Adams ya ɗauki fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez a 1941, ya yi shekaru yana sake buga hoton, yana ƙara wa sama duhu a ɗakin wanki har ta koma baƙa. Su can, yanayin sama shi ne abin nema, har suna ƙara masa gishiri.

A nan kuwa waɗanda suka fi kowa ɗaukar hoton ƙasa 'yan safiyo ne, kuma a wurinsu hazo cikas ne. An kafa hukumar safiyon ƙasashen mulkin mallaka ta Ingila a 1946, jiragen sama suka riƙa ɗaukar ƙasar Arewa daga sama, layi bayan layi, don a zana taswira. Ranar da hazo ya yi kauri ko hadari ya haɗu ba a tashi, ranar da aka tashi kuma ana sa rawayan gilashi don ya huda ɗan abin da ya rage. Ba na raina wannan aiki. Irin waɗannan hotuna ne Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, da abokan aikinsa suka yi amfani da su wajen ƙirga itatuwan gonaki, suka nuna cewa manoman karkarar Kano suna riƙe da itatuwansu fiye da yadda ake zato. A cikinsu ake ganin jigayin Jahun da Kafin Hausa a jere, tsofaffin tuddan rairayi da jihar ta samo sunanta daga gare su. Sai dai hoto ne na ƙasar da ba ta da sama, domin kyamarar ƙasa kawai take kallo.

Wanda ya zo kusa da duwatsun yankin nan da kyamara a hannu shi ne Bernard Fagg, mutumin da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. A tsakiyar shekarun 1950 ya je Birnin Kudu ya yi nazarin zanen shanu marasa tozo da ke jikin duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da kuma duwatsun da ake bugawa su yi ƙara kamar kuge, ya wallafa bayaninsu a 1956. Shi ma hujja yake nema: zane ya fito sarai, a san girmansa, a iya kwatanta shi da na Sahara. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne waɗanda suka zana shanun. Su ne na farko da suka yi hoto a wannan yanki, kuma su ma dabba suka zana, ba su zana dutse ko hadari ba, wataƙila don suna zaune a cikinsu.

Masu hotonmu na gida da suka biyo baya, mutum suka sa a gaba. Hoton fasfo, hoton Sallah, hoton amarya da ƙawayenta, hoton alhaji ranar dawowa. Aka shiga ɗaki aka rataya labule mai zanen dogayen benaye ko lambu mai korama, mutumin Kiyawa ya tsaya a gaban wani gari da bai taɓa gani ba, duwatsun da ya taso a gindinsu suna waje. Ba laifinsu ba ne. Fim kuɗi ne, wanki kuɗi ne, kuma ba wanda zai biya a ɗauko masa kuka da gajimare. Abin dariyar shi ne duk muhawarar da malamai suka yi kan hoto, a kan masu rai aka yi ta. Dutse da bishiya babu wanda ya yi gardama a kansu, amma su ne ba a ɗauka ba.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni, kyamara ta samu sabon aiki: titi, sakatariya, jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, filin jirgin sama. Duwatsu suka shiga hoto a ƙarshe, amma a matsayin labule, a bayan gini ko bayan mai yanke zare. A kalanda kuwa kullum sama shuɗiya ce, ko da an ɗauka a watan Janairu.

Yanzu aikin da Bernatz ya yi da buroshi, manhaja ce take yin sa cikin ƙiftawar ido. A 2015 kamfanin Adobe ya ƙara wa Lightroom wani maɓalli mai suna Dehaze, aikinsa kawai cire hazo. Wayoyi kuma ba sa ma tambaya: su ɗauki hoto da yawa a lokaci guda, su haɗa, su haska inuwa, su ƙara kaifi, su wanke ruwan ƙasa-ƙasan da ke cikin iska don sun ɗauka kuskuren launi ne. Waɗanda suka tsara su hazo a wurinsu datti ne da ya shiga tsakanin ido da abin kallo. Namu kuwa yana da asali. Yawancinsa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, iskar arewa maso gabas ta kwaso shi ta sauke mana daga Nuwamba zuwa Maris. Kusan sulusin shekararmu ke nan ake sharewa.

Mai son ya riƙe shi a hoto sai ya san inda kyamara take yi masa shisshigi. Ma'aunin haskenta yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya, toka-toka ne matsakaici. Safiyar hazo ta fi haka haske, sai kyamara ta rage, hoton ya fito dishi-dishi kamar ruwan wanki. Maganinsa a ƙara haske da hannu, kamar mataki ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. Hadari kuwa ya fi haka duhu, sai ta ƙara, baƙin gajimare ya koma fari-fari. Nan ragewa ake yi. Ma'aunin launi a cire shi daga hannun kyamara a tsayar da shi a kan hasken rana, don ƙura ta fito da launinta. ISO 100, ƙofar haske f/8 ko f/11, kyamara a kan mai ƙafa uku in akwai, in babu a dafa ta a kan dutse. Wanda na'urarsa ke ajiye RAW ya yi amfani da shi, domin shi ne hoton kafin a yi masa kwalliya. Kuma kada a kuskura a sauya gilashin kyamara a fili cikin hunturu. Na taɓa yi, na kwashe wata guda ina goge ɗige-ɗige daga sararin sama.

Wajen tsara hoton ne hazo yake biyan mai haƙuri. Shi ne yake raba duwatsu hawa-hawa, na kusa da duhu, na nesa da haske, abin da rana mai tsabta ba ta iya yi. Gilashi mai jawo nesa yana matse hawan nan su hau kan juna. Abu ɗaya mai duhu a gaba ya isa, giginya ko kuka ko mai keke da damin kara, don ido ya samu wurin tsayawa kafin ya shiga cikin fari.

Na damina ya fi wannan sauƙin samu, kuma ƙasar ta riga ta tsara shi. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, sau da yawa bayan la'asar, a daidai lokacin da rana ta karkata yamma. Mutum ya juya wa rana baya, sai ga duwatsu sun kama wuta ja-ja-wur a gaban baƙin gajimare, ga gero kore shar a ƙasa, ga gawo tsirara don shi da damina yake zubar da ganye. Minti goma ne ko ƙasa da haka kafin iska ta iso. A bar wa sama kashi biyu cikin uku na hoton. A kuma tsaya a ƙasa: kan dutse ba wurin tsayuwa ba ne in ana walƙiya.

Ba na cikin masu cewa kada a taɓa hoto. Masu binciken zanen duwatsu suna da manhajar da ke tsananta launi har jan da ya koɗe ya sake bayyana, kuma wannan gyara ne da ke fito da abin da yake wurin. Ɗan duhunta gefe, ɗan haska inda rana ta sauka, duk ɗakin wanki ya san su tun kafin kwamfuta. Inda nake tsayawa shi ne sauya sama. Manhajoji yanzu suna da rumbun gajimare da za ka zaɓa ka liƙa, kuma na ga hoton Dutse da aka ɗora masa faɗuwar rana mai ruwan hoda wadda ban taɓa gani a garin ba, mutane suna ta yabawa. Le Gray dai ko ba komai gajimaren ƙasarsu ya ara.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni bai tsaya ga ado ba. Ana fasa duwatsu ana mayar da su tsakuwar gini, unguwanni suna cinye gonakin da ke gindinsu. A 2022 ambaliya ta mamaye garuruwa da gonaki a Ringim da wasu sassan jihar, kuma abin da ya rage na shaidar yadda sama da ruwa suka kasance a kwanakin nan yana cikin wayoyin mutane ne, wayoyin da ke lalacewa ko a sayar da su. Mortimore ya iya ƙirga itatuwa domin 'yan safiyo ba su ƙara ko guda ba. Wanda zai zo bayan shekara 50 yana son sanin kaurin hazon Janairu a Dutse, ko inda wani dutse yake kafin a cinye shi, zai tarar da dubban hotuna, ya rasa wanda zai yarda da shi.

Na koma Garu bayan mako biyu da aron kyamara. Hazon bai kai na ranar farko ba, dutse na uku ya fito fiye da yadda nake so. Na tsayar da launi, na ƙara haske, na jira wani yaro da awaki ya shigo ta gefen hagu. Da na nuna wa ƙanena sai ya juya hoton, ya sake juyawa, ya ce, "Yaya, wannan ai bai fita ba." Na rubuta kwanan wata da sunan wurin a jikin fayil ɗin, na tura kwafi biyu wurare daban-daban.