Daga Askar Wanzami zuwa Eriyar Cikin Ƙirji

Tun kafin asibiti ya iso ƙasar Tasawa da Mayahi, wanzami ne ke da ikon buɗe fatar mutum. Shi ke yi wa jariri aski ranar suna, ya cire masa beli, ya yi tsagar gado. Shi ke kafa ƙaho a bayan mai ciwo, ya zuƙe iskar ta tsinin, ya toshe, har mataccen jini ya taru. Wani sa'in ya tsaga wurin ciwon ya cusa garin magani. Sana'a ce ta gado, da Sarkin Aska a kanta, kuma abin da ya sa jama'a suka miƙa masa jikinsu shi ne kusanci: an san gidansa, an san ubansa, gobe zai dawo ya duba mikin.

Wannan kusancin ne maganin zamani ya rasa a karkara, shi ne kuma masu ƙera eriyar cikin jiki ke neman maidowa. A 1958, a birnin Stockholm, likita Ake Senning ya fara dasa wa mutum na'urar daidaita bugun zuciya. Shekaru da yawa, ba a karanta irinta sai an ɗora wani faifai a kan ƙirjin majiyyaci. A 1999 Amurka ta ware zangon megahaz 402 zuwa 405 don waɗannan na'urori su riƙa aika saƙo ta rediyo. Aikin da wuya. Tsoka da jini na shanye saƙon rediyo, gwangwanin titaniyom da ke rufe na'urar na tare shi, eriyar da za ta kai kusan santimita 18 a sarari kuwa sai an lanƙwasa ta an cusa a ɗan kan roba na na'urar. Mita kaɗan take kaiwa, zuwa wani akwati a gefen gado, shi kuma ya aika wa likita.

Za a ce wannan zancen masu hali ne, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke ɗauke yara. Gaskiya ne, kuma su ya kamata a sa gaba. Amma mutumin Tasawa da ke da tafiyar fiye da kilomita 100 kafin Maraɗi ya fi mazaunin Faris buƙatar a duba zuciyarsa daga nesa. Za a kuma ce mutanenmu ba za su yarda a binne musu ƙarfe a jiki ba. Tarihin wanzanci bai nuna haka ba. Sun yarda da aska domin mai ita yana dawowa dubiya, kuma za su yarda da na'ura muddin akwai sabis da wuta a ƙauye, da likitan da zai amsa.