Cajin motocin lantarki da wutar ruwa a Habasha

Cajin motocin lantarki da wutar ruwa a Habasha shi ne cika batirin mota da lantarkin da madatsun ruwan ƙasar ke samarwa. Sama da kashi 90 cikin 100 na wutar Habasha daga ruwa take fitowa. Babbar madatsarta, wadda aka sani da GERD, tana kan kogin Abay, reshen kogin Nilu. An ƙaddamar da ita a watan Satumba na 2025, kuma tana iya samar da megawat 5,150.

A farkon 2024 gwamnati ta hana shigo da motocin fetur da dizal na masu zaman kansu. Dalilin a fili yake: Habasha ba ta da gaɓar teku, mafi yawan man da take sha ta tashar jiragen ruwan Jibuti yake shigowa, kuma da kuɗin waje ake biyansa, ga shi suna ƙaranci. Ruwa kuwa nata ne.

Akasarin masu motocin lantarki a gida suke caji. Mutum ya jona motarsa da dare, kafin gari ya waye batiri ya cika. A tashoshin caji mai sauri kuwa, abin bai fi sa'a guda ba.

Sai dai yawancin tashoshin a Addis Ababa suke, kuma ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne ko a babban birnin. Abin da ya fi damuwa shi ne kusan rabin al'ummar ƙasar ba su da lantarki a gidajensu, kuma kanikawan da suka iya gyaran batirin mota 'yan kaɗan ne.